Yini Guda a Yelwa

Tun assalatu muka bar Koko,
mu biyar a motar haya mai tari.
Hansai da kular dambu bisa cinya,
Nafi'u na ƙirga shanun hanya,
Suwaiba ta yi barci baki buɗe,
Inna Dudu ba ta ce uffan ba
har direba ya ce, ga Yelwa.

Ni na tsara komai a takarda:
kasuwa, bakin kogi, hoto, gida.
Malamin makaranta ne ni, ku yafe ni,
ko yawon buɗe ido sai na yi masa jadawali,
na manta kogi ba ya bin tsarin kowa.

Kasuwa ta tarbe mu da ƙauri.
Albasa tsibi-tsibi ta fi Nafi'u tsawo,
bandar kifi a kwando, baƙa kamar gawayi.
Mai ƙarfasa ta rantse da asuba aka kamo,
Hansai ta dubi idon kifin,
ta ce, asubar jiya ko ta shekaranjiya?
Aka rage ɗari biyu,
ciniki ya faɗa da shewa.

Ga giwan ruwa rataye a sanda,
ƙarti biyu na nishi da shi.
Nafi'u ya ce, Baba, ina haurensa?
Karatuna bai yi mini rana ba.
Mai kifin ya ce, yaro, a gida ya baro shi
don kar ya firgita masu zuwa.

Muka yi azahar a masallacin gaɓa,
muka baje tabarma gindin mangwaro,
dambu, ƙuli, kifi ya sha yaji.
Takalmin Suwaiba ɗaya ya bi igiyar ruwa,
ta tsaya tana masa bankwana da kuka
har ya ɓace bayan wata ciyawa.

Daga nan takardata ta ce hoto.
Inna ta ce jirgi.
Inna, da ko rijiya ba ta leƙawa!

Cindo ya tada inji, kwalekwale ya yanka,
gari ya koma ɗan zare a bayanmu.
Hansai ta damƙe rigata tana salati,
yara na gaida balbelu,
Inna can gaba, zaune a miƙe
kamar baƙuwar da ta gama kwanakinta
ta kama hanyar komawa.

Da haɓa take nuna hanya:
dama, ɗan nan. Ƙara kaɗan. Saitin dutsen can.
Cindo ya dube ta, ya rage wuta,
ya jefa mata magana da wani harshe,
ta cafe.
Shekara arba'in da ɗaya ina ɗanta,
ban taɓa jin wannan bakin nata ba
sai yau, a tsakiyar ruwa.

Kashe injin, ta ce. Ya kashe.
Ba gungu, ba itace, ba ko kara.
Nan ne, in ji ta.
Ga tsamiyar ƙofarmu, ga rumbun Babana,
nan muke shanya albasa,
can aka binne cibiyata,
kafin a datse kogi a kwashe mu a babbar mota,
ina 'yar tara, da kaza a hammata.
Muka leƙa.
Fuskokinmu kaɗai muka gani
suna karkarwa.

Suwaiba ta ce, Inna, to ina ƙofar?
Inna ta tsoma hannu har gwiwa,
ta ɗebo, ta shafe fuskar yarinyar,
ta ce, kin shiga, kin gaisa.
Takalminki ma ya riga mu isowa.

Ban ɗau hoto ba, wayar na aljihu.
La'asar ta zuba manja a kan Kwara,
Cindo ya ƙi karɓar kuɗin dawowa.

A mota Nafi'u ya ari takardata
ya ƙunshe sauran kifi da ita.
Inna na gyangyaɗi, bakin mayafinta a jiƙe,
Suwaiba da takalmi ɗaya a hannu
tana tambayata ko ɗakin Inna na yoyo
in damina ta kawo ruwa.