Rabin Milimita a Sinnar

Ƙarfe goman dare, layin maƙera,
janareton Usta Bashari na tari a bayan rumfa,
ni da kwamfuta mun kafa wa juna ido.
Murfin injin ban-ruwan Malam Ɗanjuma ne ya tsage,
ayabarsa can bakin kogi kwana huɗu ba ta sha ba.
Ya ce, "'Yar Tanko, zana mini sabo, Usta ya sassaƙa."
Zane kuwa ya yi ja wur, kamar idon mai gardama.

Na san halin layuka.
Shuɗi ɗan akuya ne da ba a ɗaure ba,
ja shi da linzami, ya bi ka har Kasala.
Kafa masa turke, sa masa dabaibayi,
ce wa wannan kwanta, wancan miƙe tsaye,
sai ya yi baƙi, ya natsu.
Ja kuwa, magana biyu na faɗa masa:
nan na ce arba'in da biyu,
can, a wani lungu da na manta,
na ɗaure shi da mai arba'in da ɗaya da rabi.
Rabin milimita!
Ƙwayar riɗi ta fi shi kauri,
ga shi ya hana mu barci.

Na shiga kwance ƙulli ɗaya bayan ɗaya.
Na cire awon ramukan noti, ja na nan daram.
Na saki da'irar tsakiya,
ramuka shida suka watse kamar zabi sun hangi shaho.
Na mayar. Na ja tsaki.
Janareto ya shaƙe, ya yi shiru,
batir ya ce saura sha tara cikin ɗari.

Hajja Barira ta aiko yaro da gahawa mai citta.
Usta ya leƙo ta kafaɗata, yana warin baƙin mai:
"Mu da, kwali muke ɗorawa kan ƙarfe,
mu bi gefe da guduma, shati ya fito.
Sai dai in ka sake ƙarfe, ka sake kwali."

Na ajiye kofi.
Ran Talata na ɗauko inuwar bakin injin,
na kwantar da ita cikin zanena, na gina komai a kanta.
Ran Laraba na sake awo, na share wancan baki, na yi wani.
Inuwar ba ta ji labari ba.
Tana nan, marainiya,
riƙe da siffar abin da babu shi,
kowane layi na jan ta, tana cewa a'a.

Haka Kaka Dije take.
A Maiurno aka yanke mata cibiya,
ba ta taɓa taka Haɗeja ba,
amma ta san ƙofar da ake shiga da kifi,
da tsamiyar da ke hagu da rijiya.
Wani baƙo ya ce mata kwalta ta bi ta kan wurin,
ta ce ƙarya yake, ta ci gaba da tsince wakenta.

Manhaja ta tambaye ni: a share?
Yatsana ya tsaya a sama.
Na kwance mata duk igiyoyin da na ɗaura,
na ɗauko sabuwar inuwa daga bakin da ke nan yau,
na mai da ramuka shida kan turkensu.
Baƙi ya bi zanen daga tsakiya har gefe
kamar ruwa ya shiga kwari.

Tsohuwar ban share ta ba.
Na mai da ita ɗigo-ɗigo,
irin layin da ruwan inji ba ya bi,
ba ya ɗaure kowa, ba wanda ya ɗaure shi.
Batir saura huɗu.

Da asuba Usta ya duba takarda, ya ɗora yatsa:
"Wannan mai tsinke-tsinken fa, a yanka?"
Na ce bar ta, Usta.
Malam Ɗanjuma na bakin ƙofa da amalankensa,
yana tambaya ko kafin azahar.