Sha Huɗu Da Ɗigo Biyu

Shekara ashirin da uku ina dafa batir a Mokoyo,
duk wandon da na mallaka ruwan batir ya huda shi.
Kunnena ne ma'aunina.
In na kara shi a murfi na ji ciki na ɓararraka,
na san ya ƙoshi.
Wanda ya yi kasala sai in ɗaga masa wuta har sha biyar da rabi,
ya tafasa, ya yi gumi, ya cika shago da warin baragurbi,
gobe ya tashi garau kamar wanda aka yi wa ƙaho.

Sai Tsahara mai ƙanƙara ta aiko kirana daga Bagalam.
Ta sayar da tumaki uku, ta kwashi adashen wata goma,
ta sayo na litiyom guda huɗu, shuɗɗa, marasa nauyi,
yaro ɗaya ya sauko da biyu daga bayan kabu-kabu.
Na hau kwanon ɗakinta na jera farantan sola,
na sauko na kafa regilata a bango,
na danna masa lambobin da yatsana ya haddace,
ko dubawa ban yi ba.

Kwana tara lafiya lau.
Na goma, rana na tsaka, firiza ta yi tsit.
Zoɓo ya koma ruwa a cikin leda,
'yan talla shida na zaune a zaure da kula ba komai.
Ba ta ɗaga murya ba.
Ta dai ce, Malam Nomau, ka ji shirun nan?

Na kara kunne. Babu tafasa, babu wari,
akwatin ya rufe bakinsa ya bar ni tsaye.

Hashiru, yaron da nake aike sayen ƙosai,
shi ya tsuguna ya zaro takardar cikin kwali,
wadda na shimfiɗa na zuba kusoshi a kai.
Ya karkaɗe ta, ya bi layi da farce.
Baba, ya ce, wannan ba ya son dahuwa.
Akwai ɗan mai gadi a cikinsa,
in wuta ta haura masa sai ya ja ƙyaure.
Sha huɗu da ɗigo biyu, nan za a tsaya,
ya jima a can gwargwadon shan shayi ɗaya,
a sauke shi sha uku da rabi ya huta.
Tafasar nan ta wata-wata, a kashe ta.
Wayar da ke auna zafi tana sauya lissafi, a cire ta.
Da dare in ya gangaro sha biyu a yanke,
kar a tatse shi har jini.

Ɗigo!
Ni da na horar da mutum goma sha ɗaya a garin nan,
yau a gaban mata ana karanta mini ɗigo.
Na miƙa hannu zan karɓe takardar,
sai na ga rubutun ya yi wa idona ƙanƙanta.
Na ce masa danna.

Jikka bakwai na biya kuɗin abin da ya narke,
ta ƙi karɓa, na ajiye a kan firiza na fita.
Lambobin kuwa na zana su da ƙusa a bangon shago,
dab da inda nake rataye tasbaha.

Jiya na bi ta gidanta bayan la'asar.
Allon regilata na nuna sha uku da rabi, bai motsa ba.
Da na ga ba mai kallo, na sake kara kunne a shuɗin akwatin,
har yanzu ba ya ce mini komai.
Firiza ce kawai ke gurnani a lungu.
Tsahara ta miƙo mini ƙanƙara ɗaya, na ɗora a wuya,
ruwan na bin bayana har bakin titi.

Wandon nan da ke jikina wata huɗu ke nan,
babu huda ko ɗaya.
Da safe mai ɗakina ta ɗaga shi a rana, ta juya shi,
ta ce ko na bar sana'a ne ban gaya mata ba.