Mako Shida

Ni ce mai riƙe da jadawali.
A ofishin kamfaninmu na ba da shawara
ranaku na jere a bango kamar haƙoran mataji,
kowace rana da kuɗinta,
kowane jinkiri da wanda zai sha tambaya.

Aka turo ni Gombe da taswira da hular kwano,
in auna tsohon layin dogo
daga tasha zuwa inda gari ya ƙare.
Ashe gari bai ƙare ba:
ya tsallake ƙarfen, ya yi ɗaki, har ya yi jikoki.

Na ƙirga.
Rumfar mai faci, uku.
Injin markaɗe ɗaya, da jerin bokitai.
Tattasai shanye a kan dogo,
na Goggo Dijangala ne, ta ce in rubuta da kyau.
Akuya na tuƙa a daidai inda zane ya ce
nan fasinja zai yanki tikiti.

Rana ta huɗu wani tsoho ya biyo ni,
Hammayo, shekara talatin yana juya wa jirgi layi.
Bai yi zancen diyya ba.
Ya dubi takardata a juye, ya ɗora yatsa:
"Ina kwalbatin nan?"
Na ce hoton sama bai nuna kwalbati ba.
Ya ce, "Da rani kuka ɗauka, 'yata.
Ruwa ba ya zuwa taro,
amma bai taɓa manta hanyarsa ba."

Muka tona da fartanyar aro.
Leda, yashi, silifa ƙafa ɗaya,
sai ga bakin kwalbati, a toshe, ya yi gum.

Daren nan, a masauki, wuta ta ɗauke.
Na zauna da hasken kwamfuta ina lissafi.
In na rubuta, mako shida sun tafi:
sabon awo, sabon ƙiyasi,
ɗan kwangila zai kumbura,
Injiniya Gidado zai kira daga Abuja
da muryar nan tasa mai sanyin allura.
In na yi shiru, rahoto ya wuce sumul,
a tafa, a yanke ƙyalle, a ci shinkafa,
kuma ba ni zan kwana a unguwar nan da damina ba.

Na rubuta.
Shafi na sha tara, sakin layi na biyu.
A gurbin majiya na sa sunan tsohon.

Da safe waya ta yi ƙara.
"Wane ne Hammayo? Wane kamfani yake?"
Na ce, "Ranka ya daɗe, ya riga mu fara aikin."
Shiru ya yi tsawo kamar dogon kansa.
Sannan: "Turo min hotuna."

Har yau jirgi bai zo ba.
Na matsar da ranakun bango gaba, ɗaya bayan ɗaya,
arba'in da biyu.
A jakata akwai ƙullin tattasai da ban saya ba,
duk takardun aikin yaji suke yi.