Ɗaki na Tara

Ɗaya saura kwata, janareta ya yi shiru,
ni kaɗai a kanta da littafin baƙi.
Zafin bazara ya zauna a ɗakin kamar mai bin bashi,
sai ga keke mai ƙafa uku ta sauke su
nan Mabera, a bakin hanya.

Dattijo dogo, baƙin tabarau cikin dare,
jaka ɗaya, hular da ta gaji da wanki.
Hannun hagunsa riƙe da maɗaurin fata,
ƙarshen maɗaurin kare ne ruwan ƙasa,
sanye da 'yar riga mai rubutu a baya.

Na ce, Baba, ɗaki akwai, amma ban da wanga.
Ga allo can, manaja da kansa ya kafa.
Ya ce, "Karanto mini, ɗana,
ni da allo mun daɗe da yin sallama."
Na buɗe baki, na rufe don kunya.

Ya zaro takardu da suka yi laushi don ninki:
katin rigakafi, hatimin likitan dabbobi,
shaidar makarantar da ta hore shi.
"Modi sunana. Na koyar da lissafi a Gwadabawa
kafin hawan jinin ido ya rufe mini taga.
Shi ko wanga, Ƙyale-su."
Kare ya ɗaga kunne guda,
ya mayar, ya shimfiɗa wuya.

"Daga Abuja munka hau jirgin ƙasa.
Mai duba tikiti ya kira babba,
babba ya kira babbansa,
har jirgi ya yi kuka muna tsaye.
Anka ba mu kujerar ƙarshe, bakin ƙofa.
Wata ta janye zanenta,
ɗanta ya miƙo biskit a ɓoye.
Shi ko yana ƙarƙashin ƙafata har Rigasa,
ko tari bai yi ba, balle hayaniya.

Dogo bai iso Sakkwato ba, sai mota.
Kujera biyu na biya,
duk da haka sun so cusa shi cikin but
tare da buhun barkono da tsohuwar taya.

Kai ne na huɗu a daren ga.
Gobe tantance 'yan fansho,
sai sun gan ni da rai za su yarda ina duniya."

Na tuna albashina da bai kai ƙarshen wata,
na tuna muryar manaja,
na tuna baƙon ɗaki na biyu mai yawan ƙorafi.
Sai na tuna malaminmu na zaure:
ƙwarya aka ce ka wanke sau bakwai, yaro,
ba a ce ka wanke tausayi daga zuciya.

Na ciro makullin ɗaki na tara,
na ƙasa, mai daɓen siminti, kusa da famfo.
Ina gaba da tocila,
na manta matakalar nan da ta karye tun bara.
Kare bai manta ba, shi da bai taɓa zuwa ba.
Ya ja birki, ya jingina kafaɗa da gwiwar mai shi,
suka kewaye lafiya.

Da asuba na gan su.
Modi ya shige masallacin layinmu,
Ƙyale-su ya kwanta nesa, gindin dogonyaro,
idonsa a kan takalma biyu cikin hamsin.
Yara sun tsince duwatsu,
ganin bai kula su ba suka zubar, sai dariya.

Robar da na ba shi ruwa na wanke,
bakwai cif, na jingine ta ta bushe.
Manaja zai iso ƙarfe takwas.
A littafi, gurbin adadin baƙi,
biro ya tsaya a hannuna:
ɗaya na fara rubutawa,
na soke, na sa biyu,
tunda ban iya ƙarya.