Lamba Ɗari Huɗu da Sha Bakwai

Talata ce, ranar 'yan makaranta.
Bas ta tsaya inda muke jingine kekuna a da,
yara suka zubo kamar an farke buhun dankali.
Malama Wiebke ta ƙirga kawuna, ta sake ƙirgawa:
talatin da ɗaya, ɗaya ya ruga banɗaki.

Ni ne tsohon da aka ɗora wa hular kwano
aka ce in yi bayani.
Shekara ashirin da shida na yi a ƙarƙashin ciyawar nan,
yau ina yagar tikiti a samanta.
Kwarin Ruhr ya wanke fuska.
Rafin da uwata ta hana mu taɓawa, agwagi ke wanka ciki.
Bututun da ya baƙanta mana shanya
yanzu amare ke ɗaukar hoto a gindinsa.

Na nuna musu kejin da ke haɗiye mu da asuba,
da taragon da tsatsa ta ci wa gefe,
da injin da ya yi shiru kamar mai gaba da kowa.
Tilo ya ɗaga hannu: a can ƙasa waya tana kamawa?
Na ce ɓera ne ke kamawa, da zafi,
da ruwa mai ɗiga a ƙeya.
Suka bushe da dariya. Ni ma na taya su.

Wani ya shinshina dunƙulen kwal, ya ce ba ya warin komai.
Gaskiyarsa.
Wannan an goge shi, an zaunar da shi a gilashi.
Na ainihin yana nan cikin ƙirjina,
shi ke tada ni ƙarfe huɗu
ko da babu jiniya.

Sai ɗakin fitilu, da allon ƙusoshi.
Kowace ƙusa da lambarta ta tagulla.
Za ka sauka, ka cire taka.
Ka fito, ka mayar.
Ƙusar da ta kwana tsirara
ita ke hana unguwa barci.
A nan sukan yi tsit na minti guda,
sai ledar biskit ta yi ƙara, a wuce wurin.

Yau wata ta tsaya.
Nuray, in ji rubutun da ke maƙale a rigarta.
Ta warware takarda mai ninki huɗu:
kakata ta ce in duba mata wannan.

Ban buƙaci tabarau ba.
Shekara sha ɗaya lambar nan na rataye kusa da tawa.
Cemal. Shayinsa sai ka ce zuma,
yana rera waƙar garinsu in rufi ya fara kuka.
Shi ya ja ni da wuyan riga
ranar da dutse ya zauna inda nake durƙushe.
A ƙasa fuskarmu ɗaya, baƙa ƙirin.
A sama mu yi wanka, kowa ya kama layinsa.
Ban taɓa taka ƙofar gidansa ba.
Rasuwarsa ma a layin biredi na ji.

Wannan ban faɗa mata ba.
Na ce yana son sukari. Ta ce har yanzu a gida ana faɗa.

An rubuta kada a taɓa.
Na ciro, na ajiye mata a tafi.
Ta shimfiɗa takardar aikin gida a kai
ta yi ta goga fensir,
huɗu ta fito, ɗaya, bakwai,
da ɗan lotsawar da ke gefe.
Tambaya ta biyar ta ɓace a ƙarƙashin baƙin.

Ta mayar da ita da kanta, sai da ta yi ɗage.

A bakin bas Malama Wiebke ta ce talatin da biyu,
ta sauke numfashi.
Na tattara ɓawon ayaba daga cikin tarago.
Kafin in kulle na bi allon da yatsa, layi layi,
ba don aikina ba ne.
Hannu ne ya saba.