Ƙidayar Baiko

Ran Lahadi in an tashi sujada,
jama'a sun watse, benci ya huce,
ni ke saura da kwando da littafi,
ni da Dattijo Kefas mai fasasshen tabarau.
Shekara goma sha ɗaya ina ma'aji a Dabai.
Ban san zuciyar kowa ba,
amma na san kuɗin kowa.

Hamsin ɗin nan mai ƙamshin daddawa ta Rifkatu ce,
ta naɗe ta ƙanƙanuwa kamar laya.
Ɗari biyun da baƙin mai ya taɓa
ta Ishaku ce, mai injin niƙa a bakin tasha.
Sabuwar dubun nan mai ƙara in an murza
kullum a saman kwando take zama
don ido ya same ta.
Ba zan faɗi suna ba. Surukina ne.

Bara iska ta yaye rabin kwanonmu.
Damina ta same mu muna jan benci gefe,
Fasto na wa'azi, yaro na riƙe masa laima.
Muka yi alkawari: bandir shida kafin kaka.
Zumuntar mata suka ce nasu daban ne:
duk wadda za ta ɗora tukunya
ta ɗebi dawa cikin tafi, ta zuba a gefe.
Wannan ta Ubangiji ce,
ko tuwo zai kasa, ba a mayar da ita.

Tafi ɗaya yau, tafi ɗaya gobe,
har ta kai buhu huɗu da tiya bakwai.
Ni na auna, ni na rubuta, ni na kulle.

Sai wuta ta ci rumbun Malam Sahabi,
wanda katangarsa ke jingine da ta coci,
wanda butarsa ke riga ƙararrawarmu tashi.
'Ya'ya tara, ga tsohuwa ba ta gani.
Da safe na hango shi yana tona toka da sanda,
yana neman abin da ya san babu.
Na ce masa sannu. Na wuce.

Rifkatu ko sallama ba ta ƙarasa ba:
"Ma'aji, ina mabuɗi? Buhu biyu za mu kai."
Na ce na kwano ne, an riga an rubuta.
Na buɗe littafi, na ɗora yatsa a kan layi.
Ta ce, "Ni ban yi makaranta ba, Barnaba,
amma an karanta mana wane ne maƙwabci.
Kai da ka iya karatu,
a wane shafi aka ce ya jira sai mun gama rufi?"

Dattawa suka zauna, ba su daɗe ba.
Ni na tura baron, kunya na tura ni.
Sahabi bai ce komai ba,
ya dai cire hula, ya rasa inda zai ajiye ta.

Bandir huɗu muka samu a kakar nan.
Kusurwar arewa har yau tana yoyo,
daidai kan teburin da nake ƙidaya.

Makon jiya na juye kwando,
sai ga ɗari biyar, gefenta a ƙone,
tana warin hayaƙi.
Rifkatu ta ce a gwangwani ya tsince ta cikin toka,
ya ce a sayi ƙusa.

Littafina layi uku ne:
baiko, zakka, alkawari.
Na riƙe biro har Kefas ya yi gyaran murya.
Ban san inda zan sa ta ba.

Abin da na sani, akwai zakkar wata uku
da nake ta yi wa alkawarin gobe
a aljihun hagu na wannan riga.
Ruwa ya ɗigo a kan shafi.
Na ajiye biron, na sa hannu a aljihu.