Mai Tsaron Gada

A Sapporo, a hawa na bakwai,
inda dusar ƙanƙara ke lasar taga,
aikina shi ne auna mugunta.
Ni ke yanke yawan jinin dodo,
da nauyin gatarinsa in ya sauko,
da 'yar ƙiftawar idon da zai bari
kafin sara na biyu ya bi sawun na farko.

Mun raɗa masa suna Mai Tsaron Gada.
Ƙaho uku, sulke mai tsatsa,
jininsa dubu tara da ɗari huɗu.
Odagiri, shugabanmu, ya ce in ƙara:
"Wanda ya haye yana hamma ba zai tuna gadar ba."
Masu gwajin wasa suka ce in rage,
ɗayansu har ya wurga madanninsa a kwandon shara.
Ga ni a tsaka, mai zuba gishiri a miyar mutum dubu,
wannan ya ce lami, wancan ya tofar.

Mahaifina Tetsuzo, saba'in da huɗu,
tsohon direban jirgin ƙasa,
bara hannunsa na dama ya soma rawa.
Likita ya ce ya riƙa motsa yatsu.
Na kai masa wasan, ban kawo komai a raina ba.

Dare goma sha ɗaya yana bakin gadar nan.
Ta bangon katako nake jiyo shi:
ƙarar gatari, shiru, tsaki,
sai kiɗan farko ya sake tashi.
Ya tono littafin da yake rubuta lokutan jirage,
ya shiga cika shi da ƙananan haruffa:
"In ya ɗaga kafaɗar hagu, ja da baya.
In ya yi huci biyu, kada ka sha magani, tarko ne."
Mutuwa ta tamanin da shida ya ja mata layi,
don ran nan saura ƙiris.

Tausayi ya ci ƙarfina.
Ran Laraba, yana gidan wanka na unguwa,
na buɗe kwamfuta, na shiga cikin dodo,
na zare dubu biyu daga jininsa,
na jinkirta gatarin da rabin ƙiftawa.
Ba shaida sai kyanwa.

Da dare ya zauna. Sara shida, sara bakwai,
dodo ya durƙusa, gada ta buɗe.
Na kasa kunne ina jiran ihu.
Sai ƙarar madanni a kan tabarma.
Bai ko juyo ba ya ce, "Sumire,
shekara talatin da takwas ina shiga tasha a kan daƙiƙa.
Gatarin nan ya makara.
Wa ya taɓa mini abokin gaba?"

Na ce, "Baba, hannunka."
Ya ce, "Hannuna nawa ne,
rawar da yake yi ma tawa ce.
Kin ba ni gada, kin ƙwace hayewa.
Mai da shi yadda kika yi shi."

Na mayar. Dubu tara da ɗari huɗu,
ko ɗigo ban riƙe ba.

Yanzu ƙanƙara ta narke a gefen titi.
Bai haye ba tukuna, littafin ya kusa cika.
A ofis suna tambaya, "Nawa za mu bari?"
Ina juya alƙalami, har yau ban sani ba,
don akwai wanda zai ajiye wasan a mutuwa ta uku,
shi ma kuɗinsa ya biya, shi ma yana da gaskiya.

Amma jiya, wajen ƙarfe huɗu na dare,
na tashi shan ruwa, na ga haske a ƙasan ƙofarsa.
Yana yi wa dodon magana ƙasa-ƙasa,
irin ta tsofaffin abokan aiki a ƙarshen layi:
"Sannu da tsayuwa.
Taso, mu sake."